Yaƙin Sudan: wa ya raini Da'am Sari', kuma su wa ake raino yanzu?

Tunda yaƙin nan ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, ana cikin goman ƙarshe na azumi, 'yan'uwanmu na Kano da Damagaram da waɗanda ke zaune Makka da Jidda tambayarsu kusan ɗaya ce in sun kira, wai tsakanin Burhan shugaban soja da Hamidti shugaban Da'am Sari', wato RSF, wa ke kan gaskiya, kuma da gaske ne jihadi ake yi? Wasu ma sun riga sun yanke hukunci daga bidiyon TikTok, sun ga samari da ɗaurin goshi suna kabbara sai suka ce toh ga rundunar Musulunci nan. To ai ɗaya ɓangaren ma kabbarar yake yi, suna harbi suna Allahu Akbar suna ɗaukar kansu a waya. Mu da muke nan Gadarif muna karɓar waɗanda yaƙin ya koro mun san maganar ta girmi 2023 nesa ba kusa ba, kuma in ba a faro ta daga tushe ba mutum zai yi ta goyon bayan abin da bai sani ba.

Gwamnatocin Khartum suna da wata tsohuwar ɗabi'a, in tawaye ya tashi a gefen ƙasa ba sa son tura sojan gwamnati ya je ya mutu a daji, sai su nemi wata ƙabila da ke da tsohuwar rigimar kiwo ko ta gona da masu tawayen su ba ta bindiga su ce je ki, abin da kika samu naki ne. Tun shekarun 1980 aka fara da murahilin, makiyayan Baggara da aka ba makamai aka tura kan 'yan Kudu. Da Umar Albashir ya yi juyin mulki ranar 30 ga Yuni 1989 da goyon bayan Hassan Turabi da jama'arsa sai aka yi wa abin rigar addini, aka kafa Difa' Sha'abi, rundunar sa-kai ta gwamnati, aka riƙa kwasar ɗalibai ana kai su Kudu da sunan jihadi, wanda ya mutu a je gidansu a yi bikin da suke kira auren shahidi. A 1992 har Duwatsun Nuba aka ayyana wa jihadi alhali da yawan mutanen can Musulmi ne masu salla da masallatansu. Sai Darfur a 2003, inda babu ma zancen Kirista ko ɗaya, Fur da Masalit da Zagawa duk Musulmi ne, ƙasar allo da tsangaya, amma haka aka ɗauko Janjawid ƙarƙashin irin su Musa Hilal aka sake su kan ƙauyuka, jirgin gwamnati na ruwan bam ta sama su suna bi ta ƙasa a kan dawakai da raƙuma. Abin da ya kai kotun duniya ta ICC ga neman Albashir kenan a 2009, kuma sai a Oktoban 2025 ta samu Ali Kushaib, wani kwamandan Janjawid, da laifi, mutum ɗaya tal bayan shekara 20 da ɗoriya.

Daga cikin waɗannan ne Muhammad Hamdan Dagalo, wato Hamidti, ya fito, ɗan ƙabilar Rizaiƙat ɗan kasuwar raƙuma wanda bai yi nisa a boko ba. A 2013 Albashir ya tattara mayaƙan ya raɗa musu suna Ƙuwwatud Da'amis Sari', wato RSF da kuke ji a rediyo, mu nan Da'am kawai muke cewa, ya sa su ƙarƙashin hukumar leƙen asiri, a 2017 majalisa ta yi musu doka ta kansu. Dalilin Albashir ba ɓoyayye ba ne, shi da juyin mulki ya hau kuma ya san sojan da ya ɗora shi zai iya sauke shi, ga shi a Mayun 2008 'yan tawayen Khalil Ibrahim sun taso tun daga Darfur a motoci har suka shigo Umdurman, don haka ya raba ƙarfin ƙasa gida uku, soja da jami'an leƙen asiri da Da'am, kowa na gadin kowa. Kiwon kura ya yi a tsakar gida don ta tsare masa ƙofa, ya manta cewa ranar da nama ya yanke ba ta san mai gida ba.

Naman kuwa zinare ne. Da Kudu ta ɓalle a Yulin 2011 ta tafi da wajen kashi uku cikin huɗu na man fetur, sai zinare ya zama abin da ƙasa ke samun dala da shi. A 2017 Hamidti ya kama Musa Hilal ya ƙwace ma'adinan Jabal Amir, kamfanin danginsa Aljunaid ya zama babba a harkar, kasuwar kuma Dubai ce. Ga kuma yaƙin Yaman da aka shiga a 2015, inda Sudan ta tura dakaru su yi wa ƙawancen Saudiyya da Imarat yaƙi, yaran Da'am na dawowa da riyal suna gina gida suna aure, saurayin da ba shi da aiki a Niyala ko Da'en me zai hana shi shiga? Kuma a lura, hafsan da ke kula da tura sojojin nan Yaman ta ɓangaren soja shi ne Abdulfatah Burhan, wanda shi ma ya yi aiki a Darfur lokacin da ake wancan ta'asa. Mutanen nan biyu sun san juna ciki da bai tun kafin mu san sunansu.

Zanga-zangar tsadar burodi da ta tashi a Atbara a Disamban 2018 ta kai ga su biyun suka haɗu da sauran hafsoshi suka ture Albashir ranar 11 ga Afrilu 2019. Ranar 3 ga Yuni, ana jajibirin sallah, aka afka wa masu zaman dirshan a ƙofar hedikwatar soja aka kashe sama da mutum 100, wasu gawarwakin daga Kogin Nilu aka tsamo su, 'yan Da'am aka gani a gaba amma a ƙofar soja aka yi kuma ƙofar ba ta buɗe wa masu gudu ba. A shekarar ne kuma majalisar sojan da Burhan ke shugabanta ta cire sashen dokar da ke sa Da'am ƙarƙashin dokar soja, aka bar ta tana ɗaukar mutane tana buɗe sansani a cikin Khartum kanta. Ranar 25 ga Oktoba 2021 su biyun dai suka sake haɗa kai suka kifar da gwamnatin Abdallah Hamdok. Sai da aka zo yarjejeniyar Disamban 2022, aka zo kan maganar narkar da Da'am cikin soja, nan ne zama ya gagara, soja suka ce shekara 2, Hamidti ya ce 10, sannan wa zai yi wa wa biyayya kafin lokacin. Hamidti ya tura motoci Marawi kusa da filin jirgin soja, kwana biyu bayan nan Khartum ta kama da wuta. Har yau kowane ɓangare cewa yake ɗayan ne ya fara harbi.

Yanzu maganar addini, don nan ne aka fi ruɗa mutanenmu na waje. Hamidti tun ranar farko cewa yake shi da kezan yake yaƙi, sunan da 'yan Sudan ke kiran 'yan harkar Musulunci ta Turabi da Albashir kenan, wai shi dimokuraɗiyya zai kawo. Wannan magana an yi ta ne don kunnen Amurka da Turai da Abu Dabi, don mutumin da kezan suka ƙera da hannunsu suka ba shi muƙamin janar ba shi ne zai ba mu labarin sharrinsu ba. Amma kuma ƙarya ce a ce babu su a ɓangaren soja. Shekara 30 suna tace waɗanda ke shiga kwalejin soja, ina za su je? Ali Karti, sakataren harkar, Amurka ta sa masa takunkumi a Satumban 2023 kan zargin hana sulhu. Ahmad Harun wanda ICC ke nema ya fice daga kurkukun Kobar a makonnin farkon yaƙi ya fito yana kiran a mara wa soja baya. Birged ɗin Barra'u bin Malik na Misbah Abu Zaid, waɗanda su ne yawanci kuke gani a bidiyo da ɗaurin goshi, sun yi yaƙi sosai a Khartum kuma ba sa ɓoye aƙidarsu. Su yaƙin nan ƙofa ce ta dawowa bayan jama'a sun kore su a 2019, kuma sun shiga ta.

Sai dai wanda ke ganin Burhan a matsayin mai kare Musulunci ya tuna cewa shi ne ya je Entebbe a Fabrairun 2020 ya gana da Netanyahu, kuma a zamaninsa Sudan ta sa hannu a takardar Abraham ta ƙulla hulɗa da Isra'ila a Janairun 2021. A sahun soja akwai Minni Minnawi da Malik Aggar da suka shekara suna yaƙar gwamnatin kezan, a sahun Da'am kuma yanzu akwai Abdul'aziz Alhilu mai neman a raba addini da gwamnati, wanda mutanensa na Nuba Da'am ɗin nan ta yaƙa a baya. Waɗanda ake kashewa a Junaina da Fashir da Jazira masu salla ne, masu kashe su ma haka. Ni kam duk malamin da ya hau mumbari a ko'ina yake ya kira wannan abu jihadi, ina ganin ya ɗauki nauyin da zai yi wuyar saukewa gobe ƙiyama.

Wannan ba yana nufin ɓangarorin biyu ɗaya suke a idon talaka ba, kuma ba zan yi muku kwana-kwana a nan ba. Jirgin soja ya jefa bam a kasuwanni ya kashe bayin Allah, an kama mutane an kashe kan zargin haɗin baki, Amurka ta sa wa Burhan takunkumi a Janairun 2025. Amma duk garin da Da'am ta shiga mutane gudu suke zuwa inda soja yake, ba a taɓa ganin akasin haka da yawa ba, kuma ƙafar talaka ba ta ƙarya. A Junaina an yi wa Masalit kisan ƙare dangi a 2023, gwamnansu Khamis Abbakar aka kama shi aka kashe a Yuni sa'o'i kaɗan bayan ya yi magana a talabijin. Madani, babban birnin Jazira, ta faɗi a Disamban 2023, Jazira gaba ɗaya ta sha shafshafa, kalmar da aka ƙirƙiro wa wawason gidaje kenan, mota da zinaren mata da taraktar gona har injin ban ruwa. Wad Annura a Yunin 2024 sama da mutum 100 a rana ɗaya. Fashir bayan kusan wata 18 a kewaye, mutane har abincin dabbobi da ake kira ambaz suka koma ci, ta faɗi ranar 26 ga Oktoba 2025, hukumar lafiya ta duniya ta ce a asibitin haihuwa na Saudi kaɗai an kashe sama da 460. Tun 7 ga Janairu 2025 Amurka ta ce abin da Da'am ta yi a Darfur kisan ƙare dangi ne. Shi yasa za ka ga saurayin da a 2019 yake titi yana ihun soja su koma bariki, yau shi ne ya shiga sahun mustanfarin, 'yan sa-kan da ke taya soja, ya karɓi bindiga, ba don ya koma kez ba, gidansu aka shiga.

A daminar 2024 da Sinja ta faɗi yaƙi ya zo har bakin Mai Wurno, garin da Muhammadu Bello Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi, makarantun Gadarif suka cika da 'yan gudun hijira aji ɗaya iyali biyar shida an raba da zannuwa. Gwaggona daga wani ƙauye ta wajen Dindir ta iso ƙafafunta a kumbure, laka har gwiwa, ba ta riƙe da komai sai jikanta da ledar magungunan hawan jini. Na ce Gwaggo su wa suka shigo muku? Ta ce ɗan nan ban tambayi sunansu ba, na dai ga yara ne da ba su kai ka ba, ɗayan yana cire mini 'yan kunne yana ce mini hajja ki yi haƙuri. Abin da ya riƙe irin su Gwaggo da rai takiyya ce, girkin unguwa da matasa ke yi da kuɗin da 'yan'uwa na Saudiyya da sauran wurare ke turowa ta Bankak, manhajar banki ta waya, babbar tukunyar adas ko balila, yara a layi da robobi tun hantsi. Mutum wajen miliyan 12 yaƙin nan ya raba da gidajensu, kusan miliyan 4 sun tsallaka Cadi da Masar da Kudu da Habasha.

Da kuɗin cikin gida kaɗai ake yaƙin da tuni harsashi ya ƙare. Ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya a rahotonsu na Janairun 2024 sun ce zargin da ake wa Imarat na kai wa Da'am makamai ta filin jirgin Amjaras a Cadi abin gaskatawa ne, Imarat na musantawa har gobe, Sudan ta kai ta kotun duniya ta ICJ kotu ta ce ba ta da hurumi a Mayun 2025, washegari Sudan ta yanke hulɗa da Imarat a daidai lokacin da jirage marasa matuƙa ke dukan Bur Sudan, inda gwamnatin soja ta koma da zama a lokacin. Har sojojin haya daga Kolombiya an gani a Darfur. Abin da zai ba ka mamaki shi ne zinaren ɓangarorin biyu duk Dubai ya riƙa tafiya. Masar na bayan soja don ruwan Nilu da rigimarta da Habasha kan madatsar ruwa, kuma Alkahira ba ta saba da wata gwamnati a Khartum in ba ta hafsoshi ba. Iran da aka yanke hulɗa da ita a 2016 don faranta wa Saudiyya an dawo da ita a Oktoban 2023, jiragenta marasa matuƙa da na Turkiyya suna cikin abin da ya juya yaƙin har soja ya karɓe Madani a Janairun 2025 da fadar shugaban ƙasa a Maris. Rasha kuwa da sojojin hayarta na Wagner ta fara wajen Hamidti, wanda yana Mosko ranar da aka shiga Yukren, daga baya ta karkato Bur Sudan tana neman sansanin jiragen ruwa a Bahar Maliya. Saudiyya ita tekun ne damuwarta don Jidda na kallon Bur Sudan, ita ta shirya zaman da ya haifi sanarwar Jidda ta 11 ga Mayu 2023 da ba a aiwatar ba, kuma ba ta jin daɗin yadda maƙwabciyarta Imarat ke faɗaɗa hannu a gaɓar.

Abin da ya fi hana ni barci shi ne abin da ake shukawa yanzu a ɓangaren da muke zaune. Soja bai ƙwato Jazira da Khartum shi kaɗai ba, da dakarun haɗin gwiwa na Minnawi da Jibril Ibrahim ya yi, da Barra'u, da mustanfarin, da Dir'us Sudan na Abu Aƙila Kaikal. Shi Kaikal ɗin nan shi ne kwamandan da ya jagoranci Da'am ta ci Madani, a Oktoban 2024 ya sauya sheƙa aka yafe masa aka rungume shi, Da'am ta huce a kan ƙauyukan gabashin Jazira, sannan ƙungiyar Human Rights Watch ta zargi mutanensa da kashe aƙalla 26 a Kambo Ɗayba a Janairun 2025. Kambo, jam'insa kanabi, su ne matsugunan leburorin gona na aikin Jazira, mutanen yamma da aka kawo tun zamanin Turawa suna tsinkar auduga, jikokinsu har yau ba su da takardar fili, kuma duk Bahaushen Sudan ya san akwai namu a irin waɗannan wurare. A gabas ma ƙungiyoyin ƙabilu sun samu horo da makamai. Burhan ya fitar da umarni a Agustan 2025 cewa duk waɗannan dakaru suna ƙarƙashin dokar soja, to ai Da'am ma da dokarta a 2017. Kowannensu yana da kwamandansa, da hanyar kuɗinsa, da jinin da zai ce ya zubar don haka a ba shi kujera.

Mu Hausawa mun ɗanɗana wannan tun kafin babban yaƙin. A Yulin 2022 a jihar Nilul Azraƙ, Rusairis da Damazin da Gaisan, maganar a ba Hausawa sarautar gargajiya tasu ta koma zubar da jini don wasu sun ce mu baƙi ne ba mu da hakura, wato ƙasar gado, a Oktoba kuma a Wad Almahi aka kashe wajen mutum 200, dubbai suka watse zuwa Sinnar da Rabak da nan Gadarif, wasunsu suna sansanin gudun hijira yaƙin 2023 ya same su ya sake korarsu. Mutanen da kakanninsu suka zo tun kafin a gina madatsar Sinnar a 1925, su suka noma dawa da riɗi suka kama kifin kogin nan. Yanzu kuma ga abin da ake kira dokar baƙin fuska, a tsayar da mutum a shinge don kamanninsa ko harshensa. Na tsaya a wani shinge na ga an sauke wani yaro daga bas, ya miƙa raƙam waɗani ɗinsa, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, aka ce ƙabilarka, ya ce Hausa, aka ce asali daga ina, ya ce Gadarif aka haife ni nan aka haifi babana, aka ce a'a asali dai. Sai da wani dattijo cikin fasinjoji ya sauko ya ce ɗana ne na san gidansu kafin aka bar shi ya hau.

Saboda irin wannan ne wasu samarinmu ke cewa mu ma mu kafa tamu rundunar da sunan Hausa tunda sai mai bindiga ake saurara a teburi. Na fahimci zafin da ke sa su faɗin haka amma ban yarda ba, don mu a warwatse muke daga Kassala zuwa Niyala, a kowace jiha tsiraru ne a tsakiyar wasu, ranar da aka ce ga mayaƙan Hausa a wuri ɗaya to manomin da ke can wani ƙauye shi kaɗai shi zai biya. Wanda zai shiga soja ya shiga a matsayin ɗan ƙasa da lambarsa, sarakunanmu da 'yan bokonmu kuma su dage kan takardar fili da ta zama ɗan ƙasa tun yanzu da ake buƙatarmu.

Inda aka tsaya a ƙarshen 2025, ƙasar ta rabu biyu a aikace, Burhan ya naɗa Kamil Idris firaminista a Mayun 2025, Hamidti da ƙawancensa na Ta'asis da aka ƙulla a Nairobi sun kafa tasu gwamnatin a Niyala, har kuɗi ma sababbin takardun fam 500 da 1000 ba sa yawo a yankin Da'am. Amurka da Saudiyya da Masar da Imarat sun fito da taswira a Satumban 2025, tsagaita wuta na wata 3 sannan miƙa mulki ga farar hula cikin wata 9, Da'am ta ce ta amince bayan ta gama da Fashir, Burhan ya ce ba zai karɓi sulhun da Imarat ke cikin masu shirya shi ba, Yarima Muhammad bin Salman kuma ya roƙi Trump a Nuwamba ya sa baki. Kafin shekarar ta ƙare Babanusa da rijiyoyin man Hijlij sun faɗa hannun Da'am, yaƙin ya tattaru a Kurdufan, kuma Ubayyid ce kowa ya zuba wa ido don ita ce mahaɗar hanyar Darfur da Kosti da Umdurman.